Mabiyiya Ɗaya, Cibiya Biyu

Cikina na uku ne ya zo da tagwaye. Muna zaune a Roni a lokacin, a wani gidan ƙasa da ke gangaren dutse, ba nisa da gidan hakimi. Maigidana malamin gona ne na En'e, daga Kazaure aka turo shi. Aikinsa zagaya ƙauyuka a kan keke, yana raba irin gyaɗa da na auduga, yana rubuta abin da ya gani don Baturen gona in ya zo rangadi. Malam nake kiransa. A gidan akwai mahaifiyarsa, wadda nake kira Iya, da 'ya'yana mata biyu, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba.

Haihuwa biyun farko ba su ba ni wahala ba, saboda haka na ɗauka na san ciki. Wannan kuwa tun yana wata biyar ya fara ba ni mamaki. Ya yi girman da bai kamata ba, kafin ya cika wata bakwai fatar ta miƙe tana sheƙi, ta yi tauri, in na danna da yatsa ba ta lotsawa. Ga shi bazara ce, ana zafi mai tsanani. Ba na iya kwanciya rigingine, sai numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro. Zani ɗaya ya daina zagaye ni, sai da Iya ta haɗa mini biyu ta ɗinke. Daka ma na bar wa maƙwabta, don in na ɗaga taɓarya sau uku sai na nemi bango na jingina.

Abin da ya fi damuna shi ne motsin. A gefen dama ana harbi da ƙarfi, har 'yata babba takan ɗora hannu ta yi dariya. A gefen hagu kuwa, can ƙasa, akwai wani motsi daban, ɗan kaɗan, wanda sai na natsu sosai nake jinsa. Wani lokaci yini guda ya wuce ban ji shi ba. Ban gaya wa kowa ba, domin a zamaninmu mace ba ta zancen cikinta a gaban surukarta.

Iya ce da kanta ta aika a kira ungozoma, ganin ƙafafuna sun kumbura. Tsohuwa ce 'yar Babura, aure ya kawo ta Roni tun kafin a haife ni, rabin garin a hannunta suka faɗo. Kowa Gwaggo yake ce mata. Ta shafa man shanu a tafinta, ta daɗe tana lalubar cikin, ta danna nan, ta saurara, ta koma can. Sannan ta goge hannu a zaninta ta dubi Iya.

"Biyu ne," ta ce.

Iya ta yi salati, ta ce, "Allah mun gode."

"Ruwa ya yi yawa a ɗakin guda," in ji Gwaggo. "Kada ta ƙara ɗaukar tulu. Kuma kada ku jira wata tara, ba za su kai ba. A tanadi itace tun yanzu."

Na so in tambaye ta na hagun, kunya ta hana ni. Amma da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini, a hankali yadda Iya ba za ta ji ba, "Kina jin na ƙasan?" Na ce ina ji, jefi-jefi. Ta ce, "To, ki ci gaba da saurare. Ranar da kika yi kwana biyu ba ki ji ba, ki aiko."

Ba a kai ga haka ba. Cikin bai gama cika wata takwas ba, wata Alhamis da hantsi, ina zaune a kan tabarma ina tsintar wake, sai faya ta fashe. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ya jiƙe tabarmar, ya gangara har gindin murhu. Iya ta kama ni muka shiga ɗaki, ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciyarmu ta yi maza ta kira Gwaggo. Malam ba ya nan, ya fita tun da sassafe.

Naƙudar ba ta yi tsawo ba. Kafin azahar na farko ya faɗo, namiji, da kukansa. Ja ne jawur, ba jan jarirai da aka saba gani ba, ja mai duhu har da sheƙi, jikinsa a cike, kumatu kamar na ɗan wata guda. Maƙwabciyarmu ta buɗe baki za ta yi guɗa, Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

Na biyun bai daɗe ba ya biyo, kusan babu ruwa tare da shi. Ina durƙushe na sunkuya na gan shi. Shi ma namiji ne, amma bai wuce rabin ɗan'uwansa da yawa ba. Fari ne fat, fatarsa ta yi yaushi kamar ta tsoho, haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa. Bai yi kuka ba, bai motsa ba. Gwaggo ta sa ɗan yatsa ta share masa baki, ta kife shi a hannunta tana murza bayansa. Ta guntsi ruwa ta fesa masa. Shiru. Ta ce a miƙo mata tasa da ludayin ƙarfe, aka riƙa bugawa kusa da kunnensa, ita kuma tana hura masa iska a hanci tana murzawa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai tuna ina kallon wata ƙudar da ke yawo a kan asabari, don ba na iya kallonsa. Can sai na ji wani ɗan sauti, kamar na 'yar kyanwa. Gwaggo ta ce, "Yauwa. Ƙara dai." Ya ƙara.

Daga nan sai mabiyiya, wadda tsofaffi ke kira uwa. Ta faɗo ba wuya, Gwaggo ta tare ta a ƙwarya. Ina shirin in zauna sai na ji Iya ta riƙe kafaɗata.

"Kada ki zauna. Saura ɗaya."

Aka jira, ba abin da ya biyo. Hankalin Iya ya tashi. Ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya ta rasu a kan gwiwa saboda mabiyiya ta ƙi fita, a gabanta, kuma ba ta taɓa mantawa ba. Ta ce a kawo kwalba in hura, ta ce a kawo muciya a sa mini a baki in yi kakari, ta ce maƙwabciyarmu ta zo ta danna cikin daga sama. Ni kuwa tsoro ya kama ni, na fara jin kamar da gaske akwai wani abu da ya maƙale a ciki.

"Kowa ya dakata," in ji Gwaggo. "Kada wanda ya taɓa ta."

"'Ya'ya biyu, uwa ɗaya?" Iya ta ce. "Gwaggo, yarinyar nan amana ce a hannuna."

Gwaggo ta ɗebi ruwa a randa ta zuba a ƙwaryar, ta wanke abin a hankali, ta ɗaga asabari haske ya shigo, ta matso da ƙwaryar tsakanina da Iya. Ba a saba nuna wa maijego wannan ba, amma ranar na gani da idona. Faffaɗa ce, ta fi wadda na taɓa hanga a haihuwar wasu, kusan faɗin faifai. Gwaggo ta bi gefenta da yatsa ta zagaye, ta juya ta, ta sake bi.

"Duba da kyau, Iya. Akwai inda ta yage? Akwai inda ta gutsure?"

Iya ta sunkuya ta duba, ta ce babu.

"To, ƙirga cibiya."

Biyu ne, dukansu a jikin abu guda. Ɗaya mai kauri, a murɗe, ta kafu a tsakiya sosai. Ɗayar siririya, ba ta fi kaurin igiyar guga da ta tsufa ba, tana maƙale can a baki-baki, kamar a ja kaɗan ta cire. Gefen mai kaurin ya yi duhu ya cika, gefen siririyar ya koɗe. Gwaggo ta nuna wasu jijiyoyi da suka kwanta a sama, suka taso daga gindin wannan cibiya suka ratsa zuwa waccan.

"Akushi ɗaya suka ci," ta ce. "Wannan ya zauna a tsakiya, wancan ya samu gefe. Kuma kin ga hanyoyin nan? Ta nan ɗan abin da ƙaramin ya samu yake tsiyayewa ya koma wurin ɗan'uwansa. Shi ya sa ɗaya ya yi ja, ɗaya ya yi fari. Babu wata a ciki. Ku bar yarinya ta huta."

Iya ba ta saki jiki nan take ba. Ta ce a gidansu an taɓa haifar tagwaye, mace da namiji, kowa da tasa ya zo. Gwaggo ta ce haka ne, mace da namiji kowa da guzurinsa yake tahowa, ko sun manne da juna in ka duba sosai biyu ne, kuma irin waɗannan ba su cika ba da tsoro ba. Ta ce masu uwa ɗaya kullum jinsi ɗaya ne, kuma in sun girma ba a bambanta su. Ta sa hannu ta shafa marata, ta ce ta ƙulle yadda ake so, jini ma ya tsaya. Sai a lokacin Iya ta saki kafaɗata. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gefen mayafinta. Ni ma na zauna. Na ji wani sanyi ya bi jikina tun daga ka har ƙafa, na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba.

A bayan ɗakina aka haƙa rami ɗaya aka binne ta, Gwaggo da Iya suka yi, kamar yadda aka saba.

Da la'asar Malam ya dawo. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin zana ya yi wa Iya barka, aka fito masa da babban ya yi masa huɗuba a kunne. Ƙaramin kuwa Gwaggo ta ce ba za a fito da shi iska ba, sai dai shi ya shigo. Ya shigo yana sunkuyar da kai, ya durƙusa, ya yi huɗubar. Da zai fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sannu." Na ce, "Yauwa."

Washegari mahaifiyata ta iso. Bafulatana ce, rugarsu tana wajen Gwiwa, ta taho a kan jaki da ƙwaryar man shanu, ƙanena yana jaye da akuya mai shayarwa. Inna ba mai yawan magana ba ce. Ta dubi babban ta yi murmushi, ta dubi ƙaramin ta daɗe. Sannan ta kwance zaninta na sama, ta ɗora shi tsirara a ƙirjinta, ta lulluɓe bayansa da auduga, ta ɗaure. Ta ce haka suke yi wa ɗan maraƙin da ya zo ba lokacinsa ba, ɗumi ake fara ba shi kafin kome. Tun daga ranar, in ba ni ce na karɓe shi ba, yana ƙirjinta. A haka take cin abinci, a haka take gyangyaɗi, sai in za ta yi salla ta miƙo mini shi. Tana yi masa magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, kamar mai ba shi labari.

A al'adarmu ba a ba jariri nonon farko, dakashi, sai an yi kwana uku ana matsewa ana zubarwa, a riƙa ba shi ruwa da nonon akuya. Don haka aka zo da akuyar. Gwaggo ta ce babban zai iya jira, ƙaramin ba zai iya ba, kuma cikinsa bai isa ɗaukar na akuya ba. Iya ta ɓata fuska, ta ce ba ta taɓa ganin an yi haka ba. Gwaggo ta ce ita ta gani. Ƙaramin kuwa ko kama nonon ba ya iyawa, in na sa masa sai ya ɗan motsa leɓe ya yi barci. Sai na riƙa tatsa a ɗan koko, Inna tana ɗiga masa da ƙaramin cokali, ɗigo ɗaya, a jira ya haɗiye, a sake. Cokali uku yakan ci kusan rabin sa'a.

Duk hankalin gidan yana kansa. Matan da ke zuwa barka sukan ɗauki babban su yi ta yaba shi, in sun leƙa ƙirjin Inna sai su ce Allah ya raya, da irin muryar da na san ma'anarta. Wata ma na ji ta a tsakar gida tana cewa ko ɗaya Allah ya bar mana ai an gode. Gwaggo kaɗai ce take zuwa ta fara da babban. Takan buɗe idonsa ta duba, ta danna goshinsa da yatsa, ta sa kunne a ƙirjinsa. Na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Kowa na tsoron wanda bai ƙoshi ba. Ni har wanda ya ci ya wuce ƙima ina tsoronsa. Jinin mutum biyu yake ɗauke da shi."

A kwana na uku maganarta ta fito. Da na dawo daga wankan safe, jikina yana tururin ruwan ganye, na ɗauke shi in ba shi nono, sai ya ƙi kamawa. Yaron da kukansa ke cika gida ya yi lakwas. Na kai shi bakin ƙofa, na ga jan ya juye ya zama ruwan ɗorawa, har cikin farin idonsa. Numfashinsa sama-sama, da sauri. Na kira Inna, Inna ta kira Iya. Iya ta ce shawara ce, ta tafi neman saiwar da ake jiƙawa. Malam ya karɓo rubutu a wurin limamin unguwa. Gwaggo da ta zo ta ce a ba shi rubutun, saiwar kuwa a dakata, ya yi ƙanƙanta. Sannan ta fita zaure ta sami Malam. Daga baya ya gaya mini abin da ta ce masa: ta ji an kawo wata malamar asibiti Kazaure, wadda ta koyi karɓar haihuwa a Kano, ya je ya gwada ko za ta zo.

Ya hau keke da rana tsaka, a wannan zafin. Bai dawo ba sai washegari da hantsi, a bayan motar En'e da ta kawo buhunan iri, kekensa a sama, malamar tana gaba kusa da direba.

Yarinya ce, ba ta girme ni ba, da farin kallabi da ɗan akwatin ƙarfe. Iya ta tsaya tana kallonta daga nesa, ba ta yarda da ita ba. Amma malamar ta tuɓe takalmi tun daga bakin zana, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta gaida Inna, ta gaida Gwaggo ta kira ta Baba. Ta wanke hannu da sabulun da ta zo da shi. Ta dubi yaran biyu a jere, kafin ta taɓa kowa ta ɗago kai.

"Baba, mabiyiya nawa?"

"Ɗaya," in ji Gwaggo. "Cibiyar wannan a tsakiya, ta wancan a gefe."

"Kin ga jijiyoyi sun haɗu?"

"Na gani, na nuna musu."

Malamar ta gyaɗa kai. Ta ce abin da aka koya musu ke nan, kuma ta ga irinsa a asibiti. Ta ce tagwayen da kowa ke da tasa mabiyiyar sukan daɗe a ciki, su fito kusan kai ɗaya. Masu guda ɗaya kuwa sukan zo da wuri, kuma in rabon bai yi daidai ba, ɗaya jini ya yi masa kaɗan, ɗaya ya yi masa yawa har zuciyarsa ta gaji da turawa. Wannan ruwan ɗorawar, ta ce, jinin da ya yi yawa ne jiki yake ƙoƙarin ragewa. Ta sa wani ɗan ƙaho na ƙarfe a ƙirjinsa ta saurara, ta lanƙwasa wuyansa, ta ja hannunsa ta saki.

Malam ya yi gyaran murya daga waje, ya tambaya ko a kai su Kano.

Malamar ta ce hanyar da ta biyo yau, da wannan girgizar da wannan rana, ba ta jin ƙaramin zai kai, kuma ba a raba su da nono. Ta ce a bar su. Amma kada a bar babban ya yi dogon barci. A tashe shi ko da tsiya, a murza tafin ƙafarsa, in ya ƙi kama nono a ɗura masa da cokali kamar ɗan'uwansa, dare da rana, har sai ya riƙa jiƙa tsumma akai-akai. In aka ga ya sanƙare, ko ya bankare baya, ko kukansa ya canza, to a nemi mota ko ta halin ƙaƙa. Ta dubi yadda Inna ta ɗaure ƙaramin ta ce kada a sauya kome. Da za ta tafi ta ƙara magana ɗaya: kada a bari a zubar wa ko ɗayansu jini, ko ɗigo.

Kwana uku muka yi a haka. Ni ina tatsa, Inna tana ɗura wa ɗaya, Iya tana ɗura wa ɗaya. Iya da ta ƙi maganar cokali da fari, ita ta fi kowa iyawa, tana murza wa babban ƙafa tana cewa, "Tashi, malalaci, ba a yi maka suna ba tukuna." Kunun kanwa kuwa na sha shi har na gaji, don nonon ya wadata.

Ranar suna aka yanka raguna biyu, aka raɗa musu sunayen da ake raɗa wa tagwaye maza. Ba a yi taro mai yawa ba. Da hantsi wanzami ya shigo da zabirarsa, wanzamin gidan su Malam ne tun kakanni, daga Kazaure ya zo musamman. Aski zai yi, ya cire beli, ya yi musu 'yar tsagar gidan. Iya ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakina, ta shigo ta miƙa hannu a ba ta ƙaramin.

Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai, domin ba gidanta ba ne. Gwaggo ba ta iso ba. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa musa wa Iya magana ba, ko ido ba na haɗawa da ita.

"Iya," na ce, "ki yi mini arziki. A yi musu aski kawai."

Ta tsaya da hannunta a miƙe. "Me kika ce?"

"Wannan ba shi da jinin da za a zubar. Wancan kuma bai warke ba. In sun yi ƙwari a yi musu duk abin da ake yi. Don Allah, Iya."

"Ubansu an yi masa ranar suna. Kakansu ma haka. Belin nan in ya girma shi zai hana su shan nono."

Sai hawaye suka zubo mini. Wanzamin, wanda duk yana jin mu, ya yi tari ya ce, "Uwar gida, a fito mini da su in gani tukuna." Inna ta matsa bakin ƙofa ta buɗe zanin kaɗan. Tsohon ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da ƙarfen belin cikin zabira.

"Shekarata arba'in ina wannan sana'a," ya ce. "Askata ba za ta taɓa wannan ba yau. Ko gashin ma kaɗan zan ɗiba don albarka. In sun yi wata uku a aiko mini."

Iya ta sauke hannunta. Ta juya ta fita. Na yini ina jin nauyin abin da na yi. Da yamma sai ga ta da akushi, ta zaɓo mini hanta da ƙoda daga naman sunan, ta gasa da kanta da yaji. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ci, masu shan nonon suna da yawa." Maganar ba ta sake tashi ba.

Kwana biyu bayan suna, ina tatsa da safe, sai babban ya farka da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Ya buɗe baki ya tsala kuka, irin na ranar da ya faɗo, har kaji suka watse a tsakar gida. Na sa masa nono ya kama kamar zai cire. Na kai shi haske, farin idonsa ya fara dawowa. Iya ta leƙo da muciya a hannu, ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ashe kana da baki." A hankali ruwan ɗorawar ya janye daga ƙafafu, daga ciki, fuska ce ta ƙarshe.

Ƙaramin ya fi ɗaukar lokaci. Sai da ya kusa sati uku, wata rana ana hadarin ruwan farko, iska tana kaɗa asabari, na sa masa nono kamar yadda nake gwadawa kullum ba tare da sa rai ba. Na ji ya ja. Ya tsaya ya huta, ya sake ja. Ban motsa ba, ban kira kowa ba, don kada ya saki. Inna ce ta juyo ta gani. Ta ajiye cokalin a cikin koko, ta fita tsakar gida ta tsaya a cikin yayyafi.

Malamar asibitin ta sake zuwa sau ɗaya kafin arba'in, ta rataya su a ma'auninta ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya ta ce ƙaramin ya fara bin sawu. Ranar da na gama wanka Gwaggo ta zo, aka ba ta goro da turmin atamfa da cinyar ragon suna da aka soya aka ajiye mata. Muna zaune mu biyu sai ta gaya mini abin da ta ɓoye tun ranar da ta fara taɓa cikin. Ta ce tana sabon hannu a Babura ta karɓi irin wannan haihuwa. Ƙaramin ya riga ya mutu a ciki kwanaki kafin naƙuda, babban kuma, da yake hanyar jininsu ɗaya ce, ya bi shi. Ta ce tun daga ranar, in ta ji ciki mai ruwa da yawa a gefe guda, ba ta samun sukuni sai ta ga an rabu lafiya.

"Da na gaya miki a lokacin, da me za ki yi?" ta ce. "Sai dai ki ƙi barci. Naki sun fito a kan gaɓa. Da sun ƙara sati biyu a ciki, Allah kaɗai ya san abin da za mu tarar."

Inna ta koma ruga bayan arba'in da kwana biyu, shanu sun dawo daga kudu ana nemanta. Akuyar kuwa ta bar wa 'yan matan.

Duk da haka na daɗe ina lallaɓa ƙaramin kamar ƙwai. In ya yi atishawa sai gabana ya faɗi. Ɗan'uwansa ya riga shi zama, ya riga shi rarrafe da kusan wata biyu, ni kuwa kullum yana bayana, ba na yarda ya taɓa ƙasa. Malam yakan ce in sauke shi ya sha iska, in ce to, in ƙi.

Wata rana da kaka, bayan sun shekara, an kawo gyaɗar gonarmu an baza a tsakar gida, na sauke shi na ɗan shiga ɗaki neman faifai. Na bar ƙwaryar garin dawa da na gama tankaɗe a gindin turmi. Da na fito na tarar da su biyun a kanta. Babban yana riƙe da baki, ƙaramin kuwa ya shige ciki da hannu biyu yana watsawa sama, garin yini guda ya tashi a banza, kansu da girarsu fari fat, har ban gane wane ne wane ba sai da na duba ƙafafu, don na ƙaramin sun fi siranta. Raina ya ɓaci. Na finciko na cikin ƙwaryar na ɗaɗa masa ɗaya a cinya, na ce, "Kai wane irin yaro ne mara jin magana!" Ya buɗe baki ya kwarara ihu, ya kama zanina yana dukana da ɗan hannunsa.

Iya tana bakin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta dube ni, ta dube shi, sai ta fashe da dariya har tana share ido.

"Yau kuma shi aka daka?" ta ce.

Na tsaya da shi a hannu, yana ta zillo, da nauyinsa da ƙarfinsa. Ni ma dariyar ta kama ni. Na ajiye shi a ƙasa kusa da ɗan'uwansa, na ɗauko tsintsiya, na ce wa 'yata babba ta je gidan maƙwabciyarmu ta ce a ara mana gari, tuwon dare ya zube.